Takardar gwajin ruwan bohal ɗinmu ta ce ruwan lafiya lau, amma yara na ta gudawa, ya zanyi?

Mai_Kula_da_Gida:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin ruwa da ma'aikatan lab ku taimaka min da shawara. Ni ne nake kula da wani gidan haya, iyalai da dama ne a ciki da yara ƙanana, kuma duk ruwan da muke sha daga bohal ɗaya yake fitowa, inji ya tura shi tanki a sama sannan ya sauko famfo. Lokacin da aka haƙa bohal ɗin masu haƙar sun kawo wata takarda wai sakamakon gwaji ne, da hatimi da sa hannu, a ƙasa an rubuta ruwan ya dace da sha. To tun daga nan mu dai sha kawai muke yi, ba wanda ya ƙara bi ta kan maganar.

Abinda ya tada min hankali shine tunda damina ta kankama yaran gidan suke ta gudawa, wannan ya warke wancan ya kwanta, har da wani jariri da sai da aka kwantar dashi a asibiti kuma nas ɗin ta tambayi uwar wane ruwa suke sha. Ruwan kuwa a ido garau yake wallahi, ba wari ba wani ɗanɗano. Yanzu masu haya sun rabu biyu, wasu na cewa ruwan ne wasu na cewa ai akwai takarda, mai gidan kuma yace in binciko abinda ya kamata ayi shi zai biya.

Abinda nakeso in sani, wannan takardar ta isa hujja ko kuwa sai an sake gwaji? In za'a sake wane irin gwaji zan ce suyi min, don naji ance kala kala ne? Kuma zan iya cika robar ruwa kawai in kai musu da kaina ko sai sun zo sun ɗiba? Na ƙarshe, tunda mutane da yawa ne ke shan ruwan, in ma'aikatan lafiya suka zo dubawa wace irin takarda suke karɓa? Nagode, Allah ya bar zumunci.

Sarkin_Waya:

Wa alaikumus salam. Malam kada ka wahalar da kanka da zuwa lab, akwai wata yar na'ura kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba, TDS ake ce mata, in lambar tayi kasa to ruwanka mai kyau ne in tayi sama a sa filta. Ni da ita nake duba nawa. Su yaran kuma damina ce, ko ina haka ake fama, a dinga tafasa musu kawai. Allah ya basu lafiya

Ma'aikacin_Lab:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Kafin komai, shawarar tafasawa da ɗan uwanmu na sama ya bayar daidai ce, daga yau a fara, kada a jira sakamako, ruwan ya tafasa sosai yana ɓulɓula na kamar minti ɗaya sannan a barshi ya huce a rufe. Amma maganar na'urar TDS dan Allah kada ka dogara da ita a wannan matsalar. Abinda take aunawa kawai yawan gishiri gishirin da ya narke a ruwa ne, ta hanyar yadda ruwan yake ɗaukar lantarki, ita bata san ƙwayar cuta ba ko kaɗan. Zaka iya samun ruwan da ta nuna masa 80 yana cike da ƙwayoyin kashi, ka samu wanda ta nuna masa 500 kuma lafiyarsa lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma maganar ɗanɗano ta yi a kansa, cewa ƙasa da miligiram 600 a lita yana da daɗin sha, in ya haura 1000 ya fara zama ba daɗi.

To takardarka. Ɗauko ta ka duba abu biyu, kwanan wata da kuma jerin abubuwan da aka gwada. Yawancin takardun da masu haƙa suke kawowa zaka ga pH ne, wato ma'aunin tsamin ruwa, da TDS da launi da yadda ruwan ya gurɓace a ido da taurin ruwa da ƙarfe, shikenan, ba layin ƙwayoyin cuta sam. In ma akwai, to labarin ranar da aka ɗebi ruwan take baka, lokacin bohal ɗin sabo fil, ba tanki ba fayif, watakila ma da rani. Ruwan da yaranku suka sha jiya ba shi aka gwada ba.

Abinda zaka ce suyi maka da farko shine gwajin E. coli da jimillar kolifom, wato babban rukunin ƙwayoyin da ita E. coli take ciki. Dalilin da yasa E. coli muke nema ba kwalara ko taifod kai tsaye ba, ita wannan ƙwayar a hanjin mutum da dabba take zama, tana fita da yawa a bayan gida, kuma gano ta yana da sauƙi da arha. In muka ganta a ruwa mun san kashi ya samu hanyar shiga, kuma hanyar da ta bi ita ce duk sauran cututtukan zasu bi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan bata da sassauci, kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100.

Yadda muke yi a lab, mukan zuba mililita 100 ɗin ta cikin wata ƴar farar takardar tata mai ƙananan ƙofofi, maikuromita 0.45, ruwa ya wuce ƙwayoyin su maƙale a sama, sai mu ɗauke ta da hantsaki mu ɗora a faranti mai abincin da suke so mu sa a na'urar ɗumi. Masu jure zafi irin na hanji a wajen digiri 44 ake renonsu, jimillar kolifom kuma 35 zuwa 37. Washegari in ka buɗe farantin zaka ga ɗigo ɗigo sun tsiro, shuɗi ko rawaya ya danganta da abincin da aka sa, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce ta hayayyafa har ido ya ganta, sai mu ƙirga. Wani farantin ka buɗe ka ganshi fes, wani kuma sun haɗe sun rufe takardar gaba ɗaya har ba'a iya ƙirgawa, sai a rubuta TNTC, kuma wallahi sau da yawa ruwan da ya bada wannan a kwalba yafi kowanne kyau a ido. Akwai kuma wata hanyar da ake zuba gari a cikin ruwan, bayan awa 24 in ya koma rawaya akwai kolifom, in aka haska masa fitila ta musamman ya yi ƙyalli to E. coli ce. Duk wanda yace maka zai baka sakamakon ƙwayoyin cuta nan take kana tsaye to ba wannan gwajin yayi ba, dole sai sun kwana.

Yanzu maganar robar ruwa, a'a dan Allah, nan ne mutane suka fi ɓata kuɗinsu. Kaje lab ɗin tukuna su baka kwalbarsu da aka kashe wa ƙwayoyi, ko su turo nasu mutumin wanda shi yafi in takardar hukuma kake nema. In kai zaka ɗiba, cire duk wani tiyo ko ƙyalle ko abin tace ruwa da aka ɗaura a bakin famfon, ka goge bakin da sinadarin kashe ƙwayoyi ko ka ɗan ƙona shi in na ƙarfe ne, ka bar ruwan ya zuba minti biyu zuwa uku, ka wanke hannu, sannan ka buɗe kwalbar. Kada ka ɗauraye ta ko da ka ga wani ɗan gari ko ƙwaya a ciki, da gangan aka sa shi don ya kashe ƙarfin kulorin in akwai, in ba haka ba kulorin ɗin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya lab ya ga sifili alhali ba haka bane. Kada yatsanka ya taɓa cikin murfin, kada ka ajiye murfin a ƙasa, kuma kada ka cika ta maƙil, bar ɗan wuri a sama don mu samu girgizawa. Rubuta wuri da rana da lokaci, saka a cikin kula mai ƙanƙara amma kada ya daskare, ka kawo cikin awa 6, in ya wuce awa 24 lab na gaskiya ba zai karɓa ba.

Kuma kwalba ɗaya bata isa ba a matsalarka, uku nake baka shawara. Ɗaya daga bakin bohal kafin ruwan ya hau tanki, ɗaya daga famfon da ke bayan tanki, ɗaya daga jarka ko bokitin da ake ajiye ruwan sha a ɗakin da yaro yayi ciwo. Da wannan zaka san inda ɓarnar take shiga, don sau tari bohal ɗin bashi da laifi, tankin ne murfinsa ya tsage tsuntsaye da ƙadangaru suna sha'aninsu a kai.

Mai_Kula_da_Gida:

Allah ya saka da alheri Malam, wallahi kamar kana ganin takardar. Na ɗauko ta yanzu, pH 6.9, TDS 210, sai launi da ƙarfe da wasu guda biyu, babu E. coli ko kolifom a ciki ko kaɗan, kuma tun kafin a gama ginin gidan aka yi ta. Na sa an fara tafasawa tun ɗazu. Amma akwai abinda ban faɗa ba, sokawe ɗin gidan baida nisa da bohal ɗin, in na auna da ƙafa baifi taku goma sha ba, kuma bayan katangarmu gona ce ana zuba takin zamani sosai. Shin tafasawar ta wadatar har wa jarirai? Akwai masu shayarwa da madarar gwangwani a gidan.

Nas_Uwar_Yara:

Ƙanina tunda ka ambaci sokawe da taki da jarirai dole in sa baki, dan Allah ka ƙara naitiret a cikin abinda za'a gwada, kada ka bari a tsallake shi. Daga taki yake zuwa da kuma bayan gida, yana bin ruwan sama ya nutse ƙasa, bashi da launi bashi da wari. Babba zai sha bai ji komai ba, amma jariri ɗan ƙasa da wata shida in ana dama masa madara da ruwan da naitiret yayi yawa, yana taɓa jininsa ya kasa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, sai ka ga leɓe da farce sun yi shuɗi shuɗi yaro ya yi laushi yana numfashi da ƙyar, kuma yafi tsanani in dama yaron yana gudawa. Wanda ya ga haka asibiti kai tsaye ba jira.

Abinda yasa nake jaddadawa, tafasawa bata cire shi, ƙara shi ma take yi, don ruwa ne ke tashi a tururi shi kuma ya zauna a tukunya. Kenan uwar da take ta tafasa ruwa tana ganin ta kare ɗanta, ta kare shi daga ƙwayoyin cuta kam amma banda wannan. Har sakamako ya fito, masu dama madara su nemi wani ruwan da aka tabbatar da shi, masu shayar da nono kuma su ci gaba abinsu ba matsala. Iyakar da aka sa miligiram 50 ne a lita.

Sannan ka zagaya ɗakunan ka ga yadda ake ajiye ruwan bayan an tafasa. In a bokiti buɗaɗɗe ne kowa na tsoma kofi da hannunsa, yaro ya fito daga banɗaki ya tsoma, to aikin banza akayi. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi, a tsiyaya a kofi. Masu gudawa kuma a basu ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc tun da wuri, kada a jira sai ido ya faɗa.

Injiniyan_Ruwa:

Malamin lab da Hajiya sun gama magana a ɓangarensu, ni ta wani gefen zan zo, kuma zan ɗan saɓa da tsarin. Ni a ganina kafin ka kashe ko sisi a lab ka zagaya bohal ɗin da idonka, don abinda ka faɗa na sokawe ya riga ya bani rabin amsa. Abinda aka saba bada shawara tsakanin rijiya da masai ko sokawe aƙalla mita 30 ne, naka bai kai ko rabi ba. Duba kan bohal ɗin, akwai daɓen siminti kewaye da shi ko ya fashe, ruwan sama yana kwanciya a wurin ko yana gangarewa, bakin fayif ɗin ya ɗago sama da ƙasa an rufe shi ko a cikin rami yake ruwa na taruwa a kai. Masu haƙa da yawa basa zuba siminti a gefen fayif ɗin daga sama zuwa ƙasa yadda ya kamata, sai ruwan saman ƙasa ya bi jikin fayif ɗin ya gangara kai tsaye, zurfin bohal ɗin bai amfana komai ba. In ka ga waɗannan, ko lab ya baka sifili yau ni ban yarda da ruwan ba, don watakila ranar ba'a yi ruwan sama ba. Ka ɗebi samfur ɗinka kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, lokacin ne gaskiya take fitowa.

Akwai wani gari a Kanada, Walkerton, a watan Mayun 2000 aka yi ruwan sama mai yawa ya wanko kashin shanu daga gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin, mutum 7 suka mutu sama da 2,300 suka kwanta, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Da aka yi bincike sai aka gano masu kula da ruwan sun daɗe suna rubuta lambobin kulorin a littafi ba tare da sun auna ba. Takardu suna nan cike, ruwan kuma ba mai duba shi.

Ɓangaren sinadarai kuma, tunda mai gida yace zai biya, ayi cikakke ko sau ɗaya ne, bayan naitiret a sa dalma da arsenik da fuloraid da manganis. Waɗannan basa sa gudawa gobe, shekaru suke ɗauka suna aiki a jiki shiyasa ba mai zarginsu. A Bangaladash tun shekarun 1970 aka dinga haƙa rijiyoyin burtsatse miliyoyi don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kashe yara, kuma an samu sauƙin gudawar, amma ba wanda ya gwada arsenik sai a 1993 aka tabbatar yana ciki, daga duwatsun ƙasar yake fitowa ba wani ne ya zuba ba, mutane miliyoyi sun sha shekara da shekaru, ga ciwon fata ga kansa. Har ta kai ana shafa wa famfo jan fenti ko kore don a san wanda za'a sha, kuma zaka ga rijiya biyu kusa da juna ɗaya ja ɗaya kore, shiyasa sakamakon maƙwabcinka ba naka bane. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga arsenik miligiram 0.01 a lita, dalma ma 0.01, fuloraid 1.5, in ya wuce haka haƙoran yara su fara dabbare dabbare, in yayi yawa sosai har ƙashi yake taɓawa.

Ita dalma yawanci ba daga ƙasa take zuwa ba, daga kayan aikin famfo ne, tsohon fayif ko kan famfo na tagulla mai arha ko abin like. Abinda ya faru a Flint ta Amurka kenan a 2014, aka canza inda ake ɗebo ruwan gari zuwa kogi ba'a sa maganin hana cin fayif ba, ruwan ya dinga cin tsofaffin bututu yana kwaso dalma zuwa gidaje, har aka gan ta a jinin yara. Shiyasa ɗibar samfur ɗin dalma kishiyar abinda Malam ya faɗa ne, ba'a barin ruwa ya zuba, na farkon da ya kwana a fayif aƙalla awa 6 shi ake tara da sassafe, a wata kwalba daban, lab su ɗiga masa asid don ƙarfen kada ya manne a jikin kwalbar.

Maganar hukuma, lambobin Hukumar Lafiya ta Duniya shawara ce, kowace ƙasa tana da nata ma'aunin da doka ta sa kuma da shi za'a kama ka, wani wurin yafi tsauri wani yafi sassauci, misali ita Bangaladash 0.05 ta sa wa arsenik, Tarayyar Turai kuma tana sauke dalma zuwa 0.005 nan da 2036. Kaje ofishin lafiyar muhalli ko hukumar ruwa ta inda kake ka tambaye su wane lab suke karɓar takardarsa da kuma sau nawa suke so a shekara, don dokar rijiyar gida ɗaya daban take da ta wanda yake ba jama'a ruwa, balle mai sayarwa. Ka tambayi lab ɗin ko suna da shaidar ISO 17025, wato shaidar da ke nuna an tantance ƙwarewar lab, kuma ka ce su nuna maka jerin gwaje gwajen da shaidar ta ƙunsa, don wani an amince masa a ƙwayoyin cuta amma banda ƙarafa. Ko ba wanda ya tilasta maka, ƙwayoyin cuta da naitiret a ƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da akayi ambaliya ko aka ciro inji aka gyara ko ruwan ya canza.

Sarkin_Waya:

To naji, na yarda na'urata bata ganin kwayar cuta. Amma tsakani da Allah su lab din ma wa yake duba su? ai wasu kudi kawai zaka basu su buga maka takarda ko ruwan basu bude ba, ba gashi shi ma mai tambayar takarda mai hatimi aka bashi ba. Talaka ya zaiyi ya gane ta gaskiya

Ma'aikacin_Lab:

Tambayarka a kan hanya take ɗan uwa, kuma ba zan ce babu masu yin haka ba, akwai, suna ɓata mana suna kuma suna wasa da ran mutane. Amma ana gane su. Lab na gaskiya zai dame ka da tambaya tun kafin ya karɓi ruwan, ƙarfe nawa ka ɗiba, a ina, a wace kwalba, ya taɓa kwalbar yaji ko da sanyi, in ka kawo a robar lemo ya mayar da kai. Wanda ya karɓa ba tambaya yace dawo da yamma, ka riƙe kuɗinka.

A takardar kuma ka duba akwai lambar samfur, ranar ɗiba da ranar karɓa da ranar gwaji, hanyar da aka bi a kowane gwaji, ma'auni, da iyakar doka a gefe don ka kwatanta da kanka. Ka lura da ma'aunin sosai, wani yana rubuta miligiram wani maikurogiram, tsakaninsu ninki 1000 ne. Naitiret ma hanya biyu ake rubuta shi, 50 ɗin da Hajiya ta faɗa daidai yake da kusan 11 in an rubuta shi a matsayin naitirojin, NO3-N, to ka ga in mutum ya ga 20 a wannan layin yace ai ban kai 50 ba alhali ya kusa ninka iyakar. Haka in ka ga ND ko alamar ƙasa da kaza, ba wai babu bane, na'urarsu ce bata gani ƙasa da nan, sai ka duba lambar, in an rubuta dalma ƙasa da 0.05 alhali iyaka 0.01 ce to wannan gwajin bai faɗa maka komai ba, ka nemi masu na'urar da ta fi gani.

In har yanzu zuciyarka bata kwanta ba, ɗebi kwalba biyu a famfo ɗaya lokaci ɗaya ka kai lab biyu. A sinadarai ya kamata su zo kusa da juna sosai, a ƙwayoyin cuta lambar zata iya ɗan bambanta amma ba ɗaya yace sifili ɗaya yace ba'a iya ƙirgawa ba. Mu ma haka ake mana, ana aiko mana da samfur ɗin da bamu san abinda ke ciki ba a ga ko zamu faɗi daidai.

Injiniya kuma na yarda da kai a kan zagayawa da ido, sai dai ni zan ce ayi duka tare, don mai gida ba zai yarda ya fasa sokawe ya matsar ba sai ya ga lamba a takarda.

Mai_Kula_da_Gida:

Nagode ƙwarai jama'a, Allah ya biya ku. Na hau na duba tankin, murfin a karkace yake kuma ƙasan akwai laka, kan bohal ɗin ma a cikin ɗan rami yake da ruwa kwance. Wani a gidan yace mu wanke tanki mu zuba kulorin a bohal ɗin yau yau kafin mu kai gwaji, ayi haka ko a jira?

Ma'aikacin_Lab:

Ku ɗebi samfur tukuna kafin ku taɓa komai, in kuka zuba kulorin yau sakamakon zai fito sifili kuma ba zaku taɓa sanin ko bohal ɗin ne ko tankin ba. Gobe da safe ka karɓo kwalaben ka ɗiba ka kai, tafasawa na ci gaba, daga nan ku wanke tankin ku gyara murfi, a ɗaga kan bohal ɗin a yi masa daɓe, sannan wanda ya san aikin ya zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana a ciki har cikin fayif, washegari a zubar har warin ya tafi, kuma ba mai sha ko wanka da shi a wannan lokacin. Sai ku jira kwana 7 zuwa 10 ku sake gwadawa. In ya fito sifili a sake wani bayan ruwan sama mai ƙarfi, in E. coli ta dawo a kwalbar bakin bohal to daga ƙasa take shigowa, sai dai a matsar da sokawe ɗin ko a sa kulorin na dindindin a tanki ana aunawa kullum, a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita a famfon da yafi nisa. In sakamakon ya fito ka rubuto mana lambobin da ma'auninsu yadda suke a takardar mu duba tare.